Hannun Daman Bara'atu

"Ba zan auri Yaya Murtala ba, Umma."

Bara'atu ba ta ɗago ba da ta faɗi haka. Tana zaune kan tabarma a inuwar ɗakinsu, faranti cike da wake a gabanta, kofin silba a gefe. Hannunta na hagu, mai lafiyar, yana cikin wata tsohuwar safa, ta kwantar da shi a cinya don kada ya yi wuf ya kai ɗauki. Na daman aka bar wa aikin. Babban yatsa da manuniya suka sauka kan ƙwayar wake, suka yi ta karkarwa, suka kama ta, ta suɓuce.

Ta sake komawa.

Umma ta jingine muciya a bakin tukunya ta juyo. "Ni na ce ki aure shi? Baffanki ne ya kawo shawara. Shawara kuma ba dole ba ce."

"To na ji shawarar, na gode."

"Ki dube ni in ina magana, Bara'atu."

Ta ɗago. Idon Umma ya kaɗa ya yi ja, kuma ba hayaƙin murhu ne kaɗai ya jawo ba.

"Ranar auren da aka sa ta zo ta wuce, gidan su Musbahu ko wanda ya tako ya ce mana ga dalili babu. Shi yaron ban ga laifinsa ba, yana iya bakin ƙoƙarinsa. Amma uwarsa fa? Murtala ɗan uwanki ne, jininki ne. Ko me ya same ki a gidansa ba mai yi miki gori. Ni kullum girma nake yi. In na faɗi yau, wa zai ɗaura miki zani?"

"Ni zan ɗaura abina."

"Da wane hannun?"

Maganar ta riga ta fita kafin Umma ta kama ta. Ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta, ta juya wa 'yar tata baya.

Bara'atu ta mayar da idonta kan farantin. Ta cije leɓe, ta kai yatsun kan wata ƙwayar. Wannan karon ta ɗagu. A hankali, hannun yana rawa tun daga kafaɗa, ta kai ta saitin kofin. Sakin ya fi kamawar wuya. Sai da zufa ta tsatstsafo mata a goshi sannan yatsun suka buɗe, waken ya faɗa ciki da 'yar ƙara.

"Da wannan, Umma," ta ce.

*

Malamar firamare ce a nan Kibiya, shekarunta ashirin da shida. Ana shirin kawo lefenta abin ya same ta. Tana tsaye gaban allo da hantsi tana rubuta wa 'yan aji uku jimla, sai allin ya faɗi daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, ƙasa ta taso ta tare ta.

A asibiti a Kano aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne da ya daɗe a jikinta ba ta sani ba. Bakin da ya karkace ya dawo daidai. Ƙafar ma ta dawo, sai ɗan ja da ba kowa ke lura ba. Hannun dama ne ya ƙi. Ya dunƙule ya manne a ƙirji kamar mai ɓoye wani abu.

Da za a sallame ta, likitar motsa jiki, wata doguwar mata mai gilashi da ake kira Likita Hansatu, ta ce ba sai ta riƙa jigilar zuwa Kano ba. Za su riƙa haɗuwa ta kiran bidiyo, Litinin da Alhamis bayan La'asar. Sauran ranakun kuma Bara'atu ta yi aikin da aka ba ta da kayan da ke cikin gida: wake, murfin gora, soso, maɓallin riga, carbi. Tun daga lokacin wayar take jingine da gwangwanin madara a kan tagar ɗaki, nan ne kaɗai sabis yake zama.

Musbahu, saurayinta, malamin gona da ke aiki a Rurum, shi ya kwana biyu yana zirga-zirga har aka sa ta cikin tsarin. Shi ne kuma mahaifiyarsa, Hajiya Barira ta Rano, ta ce a dakata da maganar aurensa sai yadda hali ya yi.

Mahaifin Bara'atu ya daɗe da rasuwa. Ƙanensa, Malam Ishiyaku, shi ne waliyyinta. Murtala kuwa ɗansa ne na fari, kuma kowa a dangi ya san ya daɗe yana sonta tun kafin a san da wani Musbahu.

*

Da yammacin Talata Murtala ya yi sallama. Ta same shi a zaure, ya kawo leda cike da lemo da ayaba daga kasuwa, inda yake da shagon taki da maganin feshi. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga mata harshe ba.

Ta gaishe shi ta zauna. Idonsa ya sauka kan safar da ke hannunta.

"Har yanzu wannan wahalar kike yi?"

"Ba wahala ba ce, Yaya. Magani ne."

"Magani a ce mutum ya ɗaure hannunsa mai lafiya? Bara'atu, ki ji tausayin kanki mana. Jiya Innata ta ce ta same ki kina kuka a kan murfin gora."

"Na buɗe shi ai daga baya."

Ya yi ajiyar zuciya, ya gyara zama.

"Ni a yadda kike nake son ki. Ba sai kin warke ba. Wallahi ko cokali ba za ki ɗaga ba a gidana. Zan samo mai aiki, ga Inna kusa. Makarantar ma ki haƙura da ita, me za ki je yi yara suna kallon ki? Ki zauna ki huta, ni zan yi miki komai."

Ta san da gaske yake. Wannan ne ma ya sa maganar ta fi yi mata nauyi.

"Yaya Murtala, ka san abin da na fi tsoro a duniya yanzu?"

"Mene ne?"

"Wanda zai yi mini komai."

Ya girgiza kai, bai gane ba.

"Likita ta ce hannun nan in aka daina nemansa, shi ma zai daina zuwa. Kai mutumin kirki ne. Ranar farko da ka ga ina fama da maɓalli za ka ce kawo in sa miki. Rana ta biyu ni da kaina zan miƙo maka. Kafin shekara na manta ina da hannu."

"Shi Musbahun ba zai sa miki ba kenan?"

"Ya taɓa tsayawa yana kallo ina kokawa da zif ɗin jakata har aka kira sallah. Idonsa fal hawaye, amma bai taɓa jakar ba."

"Wannan shi ne so?"

"A wurina, yanzu, shi ne."

Murtala ya miƙe. Fuskarsa ba fushi, sai wani abu da ya fi fushin ciwo.

"Uwarsa ba za ta yarda ba. Kowa a Rano ya san ta, in ta faɗi magana ta faɗa. Ni zan jira. Ba inda za ni."

*

Washegari da azahar wayar Musbahu ta shigo. Daga yadda ya yi sallama ta san ba lafiya.

"Hajiya za ta zo Kibiya gobe."

"Zuwan me?"

"Ta aika wa Baffa cewa tana tafe, akwai magana. Na roƙe ta har na durƙusa, Bara'atu. Ta ce in har nononta na sha, kada in biyo ta."

"To kada ka biyo ta."

"Ta yaya zan zauna a Rurum ina duba gonar albasa, ana can ana raba ni da ke? Wallahi na yanke shawara. In ta janye, ni ban janye ba. Zan je wurin Kawu Alu ya tsaya mini a matsayin uba, a ɗaura ko ba ta so."

"A'a."

"Bara'atu..."

"Na ce a'a, Musbahu." Hawaye ya gangaro mata, ta bar shi don hannun hagu yana riƙe da waya. "Ba zan shiga gidanku da fushin mahaifiyarka ba. Ciwo ɗaya ya ishe ni. Kai kaɗai gare ta namiji. In ka saɓa mata saboda ni, duk ranar da hannun nan ya zubar da miya za ka tuna abin da ka bari a kansa."

"Ba zan taɓa tunawa ba."

"Ni zan tuna."

Ta ji numfashinsa yana sarƙewa a can ɓangaren.

"To me kike so in yi?"

"Ka zauna a wurin aikinka. Ka yi mini addu'a. Ni ce ba ta so, ka bari ta zo ta gan ni. In za a ƙi ni, a ƙi ni ina zaune a wurin."

Can ya ce, da muryar da ta dishe, "Kin yi aikin hannun na safe?"

Ta yi dariya cikin kuka. "Na yi. Na sa maɓalli biyu na sama."

"Saura na ƙasan."

"Saura na ƙasan."

*

Hajiya Barira ta iso ana idar da La'asar. Farar dattijuwa ce mai jiki, cikin leshi ruwan toka, ba fara'a ba ɗaure fuska. Ta gaisa da Umma a tsakar gida, ta yi jaje, sannan ta ce, "In ba damuwa, ina son ganin yarinyar ni da ita."

Umma ta dubi Bara'atu, ta shige madafa jiki a sanyaye.

A ɗaki Bara'atu ta shimfiɗa darduma, ta durƙusa ta gaishe ta. Ta zuba ruwa a kofi da hagu. Sai ta tsaya. Ba a miƙa wa babba abu da hagu. Ta sa hannun dama ta kewaye kofin da yatsun da suka yarda, ta ɗaga.

Ya yi rabin hanya. Daga nan hannun ya karkace, kofin ya kife, ruwan ya malale a kan darduma har gefen zanin Hajiya.

Kunya ta rufe ta tun daga ƙafa. "Ki yi haƙuri, Hajiya."

Hajiya ba ta ko janye zanin ba. Kallon hannun take yi, irin kallon da mutum ke yi wa wanda ya sani.

"Bar shi. Zauna."

Ta zauna, kanta a ƙasa.

"Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Na zo ne in roƙe ki, ke da kanki, ki sallami yaron nan. Ni in na hana shi, zai bi, amma zai riƙe ni a zuciya har in mutu. Ke in kika ce ba kya yi, zai yi kuka ya haƙura."

Bara'atu ta ɗago. "Laifin me na yi, Hajiya?"

"Ba ki yi laifi ba. Da laifi kika yi da abin ya zo mini da sauƙi." Ta gyara mayafinta. "Ya taɓa ba ki labarin mahaifinsa?"

"Ya ce ya yi doguwar jinya."

"Doguwar jinya." Hajiya ta yi wani murmushi marar daɗi. "Wannan ciwon naki ne. Ɓarin dama, kamar ke. Alhaji mutum ne da in ya shigo kasuwar Rano sai an san ya shigo. Rana ɗaya ya zama sai an juya shi. Shekara kusan goma ni ce hannunsa. Ni ke ba shi abinci, ni ke yi masa alwala, ni ke wanke shi. Ban taɓa ƙorafi ba, kuma ko yau aka dawo da shi zan sake. Amma na san abin da ya ci a jikina. Yaron nan yana sakandare yake ɗaga ubansa ya kai shi bayi. Yaran unguwa suna ƙwallo, shi yana wankin zanin gado."

Muryarta ta karye.

"Ya riga ya yi nasa, 'yar nan. Ya yi tun bai isa ba. Yanzu da zai fara rayuwa, in zuba ido ya koma cikin ɗakin da na samu da ƙyar na fito da shi? Ke ma in kika haifa za ki gane."

Bara'atu tana kuka sosai yanzu, ba ta ɓoye ba. Ta shirya wa zagi, ta shirya wa wulakanci. Wannan ne ba ta shirya masa ba.

"Hajiya, wallahi na gane. Da ni ce ke, ƙila abin da zan faɗa kenan." Ta share fuska da gefen hijabi. "Amma ni ba mai jinya nake nema ba. Da shi nake nema, akwai wanda ya yi mini tayi har gida, na ƙi. Ban ce miki zan koma kamar da ba, ban sani ba. Abin da na sani, lokacin da aka dawo da ni daga Kano hannun nan ko ƙuda ya sauka a kai ba ya motsi. Yau ya ɗauko kofi ya yi rabin hanya."

"Ya zubar."

"Ya zubar. Gobe zan sake ɗauka."

"In bai taɓa kaiwa ba fa?"

Kafin ta ba da amsa wayar da ke kan taga ta ɗauki ƙara. Bara'atu ta dubi wayar, ta dubi Hajiya. Ta manta sam yau Alhamis.

"Likitata ce. Bari in ce mata ina da baƙuwa."

"Ɗauki. Ina so in ga abin da ake ta faɗa."

Fuskar Likita Hansatu ta bayyana, hoton yana ɗan tsayawa yana tafiya. "Malama Bara'atu, ya jiki? Idonki ya kumbura, lafiya?"

"Lafiya lau, Likita."

"To. An auna jinin yau? Kin sha magani?"

"Na sha. Ya sauka."

"Madalla. Matso da hannun in gani. Buɗe. Rufe. Sake buɗewa." Likitar ta matso da fuskarta. "Yau ya ɗaure fiye da ranar Litinin. In ranki ya ɓaci haka yake yi, ba komawa baya ba ne. Sai an ɗan saki yatsun kafin mu fara. Umma tana kusa ta riƙe miki?"

Bara'atu ta buɗe baki za ta kira Umma. Sai ta ji an kama hannunta.

Hajiya ce ta matso. Ta ɗora hannun a cinyarta, a kan leshin da ya jiƙe, ta tallafi wuyan hannun da tafinta, ta fara murza gindin babban yatsa a hankali. Ba ta tambayi kowa ba. Yatsun suka fara saki ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu Mama," in ji likitar. "Kin taɓa jinyar mai irin wannan ke nan."

"Maigidana. Haka nake buɗe shi in wanke masa tafin."

"Allah ya ji ƙansa. To yanzu ga inda za mu bambanta. Kin buɗe mata, ya isa. Ki riƙe wuyan hannun kawai. Malama, ga murfin gorar can, ɗauko shi ki ɗora a bakin gorar."

Bara'atu ta kai hannu. Yatsun suka taɓa murfin, suka ture shi. Ta sake. Ya mirgina. Nan take ɗayan hannun Hajiya ya tafi zai ɗauko mata.

"A'a Mama, bar ta."

"Wahala take sha."

"Na gani. Bar ta ta sha. In kika ɗauko mata, ke kika yi, ƙwaƙwalwarta ba ta koyi komai ba."

Hajiya ta janye hannun, ta dunƙule shi a cinya. Ɗakin ya yi tsit, sai numfashin Bara'atu da kukan awaki daga maƙwabta. Murfin ya kuɓuce ya sake kuɓucewa. Jijiyar wuyanta ta fito. A wani karon da ita kanta ba ta sa rai ba, yatsu uku suka riƙe shi, ta ɗaga, ta kai, ta ɗora shi a karkace a bakin gorar.

"Yawwa. Murɗa."

Ta murɗa. Bai kai zagaye ɗaya ba, amma ya kama.

Ta ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a bayan hannunta. Ba ta ɗago ba, don kada ta ba Hajiya kunya.

"Likita," Hajiya ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "in tambaye ki. Da an yi wa Alhaji irin wannan, da nasa ya dawo?"

Likitar ta gyara gilashinta. "Ban sani ba, Mama, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Wani hannun yana dawowa, wani ba ya dawowa ko me aka yi. A lokacinku ba wanda ya nuna muku, kin yi abin da kika sani, kuma kin yi da yawa."

"Wannan fa?"

"Wannan ma ban yi alkawarin zai koma kamar da ba. Wataƙila rubutunta ba zai yi kyan da ba. Amma za ta ci abinci da shi, za ta yi alwala, za ta sa kayanta, in ta ci gaba yadda take yi. Abin da take buƙata shi ne mutanen da za su iya kallon ta tana wahala su ƙyale ta."

Aka ci gaba da aikin. Soso, carbi, naɗe tawul. Sau biyu sabis ya ɗauke, sau biyun Hajiya ce ta ce, "Ci gaba, ai kin ji abin da ta ce." Har aka yi sallama ba ta saki wuyan hannun ba.

Da aka katse kiran, Hajiya ta sake shi, ta goge idonta da bakin mayafi, fuskar ta koma yadda ta shigo da ita.

"Kada ki ɗauka na yarda."

"Ban ɗauka ba, Hajiya."

"Tsorona yana nan inda yake."

"Nawa ma yana nan."

Hajiya ta dube ta. "Wa yake riƙe miki in ana yi?"

"Umma."

"Uwarki tausayi zai hana ta. Na gan ta, idonta a kusa yake." Ta yunƙura ta miƙe, ta ɗauki jakarta. "Ranar Litinin zan zo. In ga da idona ko tafiya ake yi ko tsayuwa. Ni ba zan ɗauko miki komai ba."

Kafin Bara'atu ta sami abin faɗa, Umma ta ɗaga labule, fuskarta a rikice.

"Baffanki yana zaure. Shi da Liman da Murtala. Ya ce ki zo."

*

Malam Ishiyaku yana zaune kan buzu, carbi a hannu. Liman na gefensa. Murtala yana can bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Bara'atu ta durƙusa daga ciki ta gaishe su.

"Bara'atu," Baffa ya fara, a natse, "tun da aka aiko mini cewa mutanen Rano suna tafe na san abin da ya kawo su. Ba mu riƙe su ba, kowa da uzurinsa. Amma ni ba zan bari a ce 'yar Yayana ta rasa mai ɗauka ba ina raye. Ga ɗan uwanki. Na kira Liman ya zama shaida cewa ban tilasta ki ba. Ki faɗa da bakinki, a tsayar da magana yau, kowa ya huta."

Tunda Bara'atu take ba ta taɓa musa wa wannan bawan Allah ba. Shi ya biya mata karatun allo, shi ya kai ta kwalejin horon malamai da kansa.

"Baffa, Allah ya saka da alheri. Ba ni da uban da ya wuce ka." Ta sunkuyar da kai. "Amma tunda ka ce in faɗa da bakina, ka gafarce ni. Ba zan iya ba. Yaya Murtala ya cancanci matar da za ta so shi, ba wadda za ta fake a gidansa ba."

Carbin ya tsaya a hannun Baffa. Liman ya yi gyaran murya. Murtala bai ɗago ba.

"To wa kike jira?" Baffa ya ce, muryar ta fara kauri. "Mutanen da suka tako har gida don su janye?"

Hajiya ba ta yi mata alkawarin komai ba. Bara'atu ta dafa ƙasa, ta buɗe baki za ta ce ko ba kowa, ita za ta jira, sai ta ji takun takalmi a bayanta da ƙamshin turaren da ya cika ɗakinta ɗazu.

"Salamu alaikum, Malam."

Hajiya Barira ta tsaya a ƙofar zauren ta cikin gida, jaka a hannu, gefen zaninta har yanzu da danshi.

"A gafarce ni, na shigo maganar maza. Amma na ji an ambace mu." Ta dubi Malam Ishiyaku ido cikin ido. "Wa ya gaya maka na janye?"